Garwa Ta Uku

Randa ta farko da aka ɗaga aka maka da ƙasa, Rumasa'u ba ta yi kuka ba. Ta biyu ma ta daure, ta dafe bango kawai. Sai da aka kai ga ta uku, wadda marigayi mijinta Wada ya ɗauko mata a kansa tun daga kasuwar Jarwal shekarar da aka yi musu aure, sannan ta zube a tsakar gida tana kallon subiyarta tana malala ta ƙarƙashin ƙofa tana bin lungu. Subiya dai ita ce abin sha mai sanyi da mutanen Makka suke yi da sha'ir da zabibi da kirfa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da ita Rumasa'u take ci, da ita take tufatar da marayan ɗanta. A duk lungunan unguwar Zahir babu wanda bai san tata ba. Yau ga maƙwabtan da suka sha ta kyauta sun cika ƙofar gida, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Can gefe kuma wan mijinta Mukhtaru ne a tsaye, ya toshe hanci da gefen rawaninsa kamar wanda ya shigo gidan da mushe ya kwana.

"Ku fasa duka," in ji shi. "Kada ku bar ko kasko. Wannan gidan ya isa haka, ya ci rai biyu."

"Yaya," ta ce da shi, "ka ji tsoron Allah... Kai ma ka sha subiyar nan, 'ya'yanka sun sha. Ka taɓa jin ta juya?"

Bai ko dube ta ba. A cikin ɗaki kuwa ɗanta Yunus yana kwance yana jin komai, an ɗaure masa muƙamuƙi da karare da tsumma har zuwa tsakar kai, hannunsa na dama ma a ɗaure, hawaye yana bi ta gefen kunnensa yana jiƙa matashi.

Ga yadda abin ya faru. Kwana huɗu kafin nan, wata lori ta Mukhtaru ta taso daga Jidda da buhunan shinkafa, a kan buhunan kuma akwai talakawan alhazai goma sha ɗaya. Yara biyu ne a gaban motar: Rabi'u, ɗan Mukhtaru na cikinsa, mai shekara goma sha takwas, wanda shi ne direba, sai Yunus mai goma sha bakwai, yaron mota. Da suka wuce Bahra, zangon da yake tsakanin Jidda da Makka, da rana tsaka, motar ta fara layi a kan kwalta kamar tinkiya mai ciwon kai, ta sauka, ta kifa. Mutum biyu suka rasu nan take. Ɗaya wata tsohuwa ce daga ƙasar Sakkwato, ta yi shekara bakwai a hanya tana noma tana daka a garuruwan Chadi da Sudan don ta zo ta ga Ɗakin Allah, ta cika saura tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Wanda ya fara isa wurin Mukhtaru ne, don yana biye da su a wata motar. Kafin jama'a su taru, an sami Yunus kwance a sume ta gefen sitiyari, rigarsa tana warin abin da bai kamata a ji warinsa a garin Makka ba. Rabi'u kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, yana zaune a kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. Waɗanda suke kan buhuna ba su ga mai tuƙi ba. Mukhtaru ne ya ba da labari, kuma labarinsa shi aka ɗauka: wai Yunus ya matsa wa Rabi'u lamba ya karɓi sitiyari, wai ya sha subiyar uwarsa wadda ta kwana uku ta juya ta zama giya.

Wannan ne hatsari na uku a shekarar, duka kuma samarin Hausawa ne a kan sitiyari. Hukuma ta kira Shaihu Abdulganiyyu, dattijon da yake shugabantar Hausawan unguwar, ta damƙa masa yaron a kan amana har maɗori ya kwance masa baki, kwana arba'in. Ranar da aka kwance za a kai shi gaban alƙali tare da uwarsa. Kowa ya san abin da zai biyo baya: bulala, kurkuku, sannan tasfir, wato a sa su a jirgin ruwa a raba su da Makka har abada. Rumasa'u tana 'yar shekara biyar aka shigo da ita garin nan a kan jaki. Ba ta san kowa a wata ƙasa ba, kuma Wada yana kwance a maƙabartar Ma'ala.

Da gidan ya watse ta shiga ɗaki, ta durƙusa kusa da yaron. Ba ta kira sunansa ba, don ɗan fari ne, tunda ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan," ta ce a hankali, "in kai ka tuƙa, ɗaga yatsa ɗaya. In ba kai ba ne, ɗaga biyu." Ya ɗaga hannunsa na hagu, yatsu biyu suka miƙe. Ta kifa fuskarta a kan tabarma ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar mutuwar Wada. Ta yarda da shi, amma wa zai karɓi shaidar yatsa, kuma daga bakin uwa?

Ranar Juma'a bayan la'asar Shaihu ya tara mutane a zaurensa, masu motoci da direbobi da malamai, mata kuma aka rataya musu labule a baya. Ya ce abin ya wuce a yi shiru, in ba su nemo magani da kansu ba, hukuma za ta nemo musu, kuma nata ba zai yi musu daɗi ba. Kowa ya faɗi abin da yake gani.

Wani malami ya fara, ya ce maganin a bayyane yake, bulala tamanin a bainar jama'a, yaro ɗaya ya sha, sauran su shiga taitayinsu. Sai Rabe, wani tsohon direba mai ido ɗaya wanda ya fara tuƙi tun hanyar Jidda tana rairayi, ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta Malam, bulalar nan ai tana nan tun kafin a haife su, kuma babu wanda bai san da ita ba. Yaro ɗan sha bakwai in ya kafa kai, ba ya tuna gobe. Kuma bulala sai bayan an mutu take zuwa. Ni a ganina, a hana duk wanda bai kai ashirin ba riƙe sitiyari, shi ke nan."

Nan zauren ya rikice. Wata murya daga bayan labule ta ce ita ɗanta ɗan sha takwas ne, da tuƙinsa take ciyar da ƙannensa biyar, a faɗa mata me za su ci har ya kai ashirin. Masu motoci suka ce aikin hajji ya gabato, ina za su samo manyan direbobi? Mukhtaru ya fi kowa ɗaga murya, don duk motocinsa uku yara ne suke jan su. Rabe ya dube shi da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "To ga wata. Duk motar da aka kama yaronta a buge, a kama mai ita. Shi ya ba yaro mabuɗi, shi zai amsa." Wannan karon ba a ma bari ya rufe baki ba. Mukhtaru ya miƙe tsaye yana yarfa hannu.

"Ya Shaihu, wannan wane irin zalunci ne? Ni ina Makka, yaro yana Bahra, in bi shi cikin cikinsa in ga abin da ya sha? Me ya sa muke kewaye-kewaye? Mun san inda abin yake fitowa. Matan nan masu randuna su ne. A hana sayar da subiya a unguwar nan kaf, yara su rasa inda za su samu, magana ta ƙare."

Aka yi ta gyaɗa kai, don ita ce shawarar da ba ta taɓa aljihun kowa a cikin mazan da suke zaune. Shaihu ya juya wajen labule ya ce, "Rumasa'u, 'yata, kina ji. Me za ki ce a kan sana'arki, me kuma za ki ce a kan ɗanki?"

A kan sana'arta ta yi magana tiryan-tiryan. Ta ce subiyarta ba ta taɓa ganin rana biyu ba bayan ta tace ta, abin da ya rage da magariba takan raba wa yaran lungu, ta wanke randunan ta kife su a kan soro, kuma duk maƙwabta suna gani. Amma da ta zo kan yaron sai harshenta ya yi nauyi. Ta yaya za ta buɗe baki ta yabi ɗan fari a gaban surukai da dattawa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi kuwa yaron nan... Allah ya san gaskiya."

"Kun ji ko?" in ji Mukhtaru. "Ko sunansa ta kasa kamawa. Uwar da ta san ɗanta yana da gaskiya haka take magana?"

Wallahi ya san dalili sarai, don uwarsa ma har ta mutu ba ta kama sunansa ba. Amma samarin da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, suka hau gunaguni, dattawan da suka san al'adar kuma suka yi gum, kowa yana tsoron a ce yana kare mai giya. Aka tashi a kan abu biyu: an hana subiya, kuma kullum Rabe zai zauna a ƙofar tasha, duk yaron da zai fita da mota sai ya hura masa numfashi a fuska.

Daga ranar duniya ta juya wa Rumasa'u baya. Sauran mata shida masu subiya, waɗanda aka fasa musu randuna ta dalilinta, suka daina amsa sallamarta. In ta shiga Harami ta shimfiɗa dardumarta, sai ta ga ta kusa da ita ta ja tata gefe. Ta sayar da tukunyar tagullarta, ta sayar da awarwaron da uwarta ta bar mata, tana saya wa yaron madara tana ɗura masa da cokali ta gefen baki. Ita kanta takan wuni da ruwan Zamzam da dabino uku. Mukhtaru ya aiko sau ɗaya, ba gaisuwa ba, ya ce ta fara haɗa kayanta. Ta gane abin da yake nufi. Motarsa ta farko shi da Wada suka haɗu suka saya, ita ta haifi sauran, in an sa uwa da ɗa a jirgi babu sauran mai tuna masa da wannan.

Abin mamaki, subiya ta ɓace daga unguwa amma layi bai ɓace daga hanyar Jidda ba. Yara sukan hura wa Rabe numfashi garau, su fita, amma masu shayin Bahra su aiko da labari cewa sun ga wane yana tangaɗi, wane ya kusa hawa kan raƙuma. Aka ce suna tauna kanumfari ne, Rabe ya sa su kurkure baki a gabansa, bai sami komai ba. Sai zargi ya cika unguwa kamar hayaƙin ɗanyen itace. Aka zargi Rabe da karɓar na goro. Aka zargi masu shayi. Miji ya riƙa shinshina tulun matarsa. Daga ƙarshe kuma aka dawo kan wadda ba ta da mai tsaya mata: wai Rumasa'u tana da randa a binne. Suka zo a karo na biyu da sungumi, suka haƙe tsakar gidanta, suka ɗaga shimfiɗar majinyaci suka tona ƙarƙashinta, yaron yana nishi. Ba su ga komai ba, amma babu wanda ya ce mata yi haƙuri. Ɗayansu ma yana fita yana cewa, "Ta iya ɓoyo." Ta zauna a bakin ramin da suka bari ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ya Allah, ni ba ni da kowa sai kai... Kai ka ga hannuna, ka ga randunana. Kada ka bari a raba maraya da kabarin ubansa a kan ƙarya."

Wata tsohuwa Hajara, mai ɗiban ruwa a famfon unguwa da ake kira bazan, ita kaɗai ta tausaya mata. Ta ce, "Taso, 'yar nan, zama ba zai ba ki madara ba." Ta sama mata wuri cikin matan da suke kai ruwa tasha. Aikin kuwa shi ne cika garewani, don kowace lori takan ɗauki garwa biyu ta ruwa saboda lagireto, in injin ya yi zafi a hanya a tsaya a zuba masa. Rumasa'u ta rufe fuskarta tana ɗauka tana saukewa daga hantsi zuwa azahar, wuyanta yana ciwo, ba ta magana da kowa. Wahala ta koya mata abin da a da ba ta iya ba, wato kallon mutane ba tare da ta yarda da su ba.

A kwana na uku ta lura da wani abu. Kowace mota garwa biyu take da ita, amma motocin Mukhtaru uku-uku ne. Biyu ake kawo wa mata su cika, ta ukun kuwa a cike take zuwa daga gida, a ɗaure a bayan kujerar direba. Ta ce a ranta ƙila mutumin tsantseni ne da shi. Kashegari ta matsa kusa kamar tana gyara gammo, sai ta ga garwar an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan sha a salka ake rataye shi a gefen mota, ga ta can tana ɗiga. Wane ne zai sanyaya ruwan da za a zuba wa injin da yake tafasa? Ta ƙara dubawa. Gefen garwar ya kumbura ya yi ciki, kuma waɗansu ƙananan ƙudaje jajaye suna kewaya murfin. Ta san ƙudajen nan. Shekara goma sha ɗaya tana gudunsu, su ne suke zuwa in abu mai zaƙi ya fara juyawa, saboda su take kife randunanta tun magariba.

Kwana tara ta riƙe maganar a cikinta. Wa za ta gaya wa? Rabe da ake cewa yana karɓar na goro? Hajara mai surutu? In labari ya kai kunnen Mukhtaru, gobe garwar za ta zama ruwa zalla, ita kuma a ƙara mata laifin ƙazafi. Ko yaron ba ta gaya wa ba. Ta yi ta addu'a tana jiran ranar da idanu za su yi yawa.

Ranar ta zo ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Shaihu Abdulganiyyu ya zo tasha da hantsi tare da dattawa, ya ga da idonsa yadda Rabe yake aikin, don ya san abin da zai faɗa wa hukuma. Mota ta farko a layi ita ce sabuwar lorin Mukhtaru, koriya shar, wadda bai fi wata huɗu da saye ba, wadda yake goge mata ƙura da rawaninsa, yana yi mata magana kamar amarya. Rabi'u ne a kan sitiyari, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya sauko ya hura wa Rabe numfashi, Rabe ya ce, "Wuce." Sai ga mace ta sauke garwa daga kanta ta tsaya a gaban motar, ta yaye mayafi daga fuskarta.

"Ke! Matsa daga nan," in ji Mukhtaru. "Ya Shaihu, ka ga mai giyar nan har tasha ta biyo mu."

Muryarta ta fita har ƙarshen tasha. "Allah ya ba Shaihu nasara, ran nan ka tambaye ni me zan ce a kan ɗana, kunya ta hana ni. Yau na ajiye ta. Yunus ɗana ne, ni na haife shi. Yunus bai taɓa shan abin maye ba, Yunus bai tuƙa motar nan ba." Tsofaffin matan da suke wurin suka dafe ƙirji, don sun san abin da ya ci mata kafin sunan nan ya fito. Ta juya ga wan mijinta. "Yaya, tambaya ɗaya gare ni. Garwar nan ta uku da take bayan kujera, ta mece ce?"

"Ruwan lagireto ne mana. Mota sabuwa ce, tana shan ruwa."

"To alhamdu lillahi. Ga Shaihu, ga jama'a. A zuba mata."

Rabe bai jira umarni ba. Ya ɗaga murfin injin, ya kwance bakin lagireto, ya ce, "Da ma da saura, bai cika ba. Ya walad, kai yaro, kawo garwar." Rabi'u ya dubi ubansa, ubansa ya dubi ƙasa. Shaihu ya ce, "Kawo ta, yaro." Ya ɗauko ta yana haɗa hanya, buhun yana ɗiga, ya hau kan ƙarfen gaba, ya karkata bakinta. Mukhtaru ya daure har garwar ta kusa taɓa bakin lagireto. Ya dubi koren fentin, ya dubi injin da ko ƙura bai yi ba, sai ya yi tsalle ya riƙe hannun ɗansa.

"Kada ka zuba! Za ka kashe mini mota!"

Shaihu ya tako a hankali yana dogara sandarsa, ya ce, "Mukhtaru, yaushe ruwa ya fara kashe mota?" Ya sa aka buɗe garwar aka tuntsurar da ita. Tsimin dabino ne, jajawur, mai kauri, warinsa ya sa na kusa suka ja da baya suna neman tsari.

Rabi'u ne ya fara faɗuwa. Ya rarrafa ya kama ƙafafun Rumasa'u yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Inna, ki yafe ni... Ni na tuƙa. Yunus har roƙona ya yi in tsaya in kwanta, na zage shi. Baba ne ya ja shi ya kwantar a gefen sitiyari, ya zuba masa sauran a riga. Shi yake ba mu, yana cewa maganin gajiya ne, don mu yi sawu uku a rana. Duk yaran tashar nan a wurinmu suke samu in an wuce Bahra. Tun ranar ban yi barci ba, Inna, tsohuwar nan nake gani..." Rumasa'u ta dubi yaron da ta goya a bayanta lokacin da uwarsa take jinya. Ta so ta tsane shi, ta kasa. Ta ɗora hannu a kansa tana hawaye ta ce, "Tashi. Kai ma an cuce ka."

Kafin azahar askarawa suka tafi da Mukhtaru, rawaninsa yana jan ƙasa. A bayan gidansa aka tono garewani goma sha huɗu a binne cikin rairayi. Alƙali ya yanke masa bulala da kurkuku mai tsawo, aka sayar da motoci biyu aka biya iyalan mamatan, ta ukun aka tabbatar wa maraya da ita a matsayin gadon ubansa. Rabi'u ya karɓi nasa hukuncin bai ɗaga kai ba. Da aka sake zama a zaure, babu mai motar da ya iya buɗe baki ya ƙi shawarar Rabe. Aka ce daga yau mai mota shi zai amsa laifin yaronsa, za a buɗe duk abin da mota ta ɗauka a ƙofar tasha, kuma yaron da bai kai ashirin ba zai yi tuƙi ya ci abincinsa, amma da babban direba a gefensa, sawu biyu a rana ba ƙari. Matar nan mai 'ya'ya shida ta ce daga bayan labule ta yarda. Maganar hana subiya kuwa, kunya ta hana kowa ya tuna wanda ya fara gyaɗa mata kai.

Kashegarin ranar da asiri ya tonu a tasha, da safe, Rumasa'u tana cike ramin tsakar gidanta sai ta ji hayaniya a lungu. Ta leƙa. Shaihu Abdulganiyyu ne, tsoho mai shekara saba'in, ya tuɓe rawani ya yi gammo da shi, ya ɗauko sabuwar randa a kansa tun daga Jarwal, ya hana kowa ya karɓe shi. A bayansa masu motoci ne, kowa da tasa, ana rarrabawa gidajen matan nan shida. Ya sauke a gabanta yana haki, ya ce, "'Yata, da bakina aka fasa, da kaina na kawo. Ki yafe mana." Ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da la'asar maɗori ya zo ya warware tsumman, ya cire kararen ɗaya bayan ɗaya. Yunus ya motsa baki a hankali kamar mai koyon magana. Uwarsa ta durƙusa da ƙoƙon ruwa a hannu, tana jiran ta ji muryar da ta yi kwana arba'in ba ta ji ba.

"Umma," ya ce, muryar a dushe, "wai da gaske ne... Inna Hajara ta ce kin kama sunana a tasha. Har sau uku."

Hawaye suka zubo mata, ta kawar da kai gefe tana gyara mayafi, ta kai masa ƙoƙon baki.

"Sha ka yi shiru, yaron nan," ta ce. "Gobe da sassafe za ka raka ni Ma'ala mu gaya wa babanka muna nan."